Darasi na Bakwai: Idan Fitilar Injin Ta Kama a Tsohuwar Mota

A gaban direba akwai wata ƙaramar fitila mai launin ruwan ɗorawa da hoton injin a jikinta. Idan aka murza makulli takan kama, sannan ta mutu da zarar injin ya tashi. Idan ta ƙi mutuwa, kwamfutar motar ce take sanar da kai cewa ta ga wani abu da ba daidai ba. In haskenta a tsaye yake, za ka iya lallaɓawa zuwa gareji, amma in tana ƙiftawa, to injin yana tsallake wuta, wato man ba ya ƙonewa a wasu silinda, kuma ɗanyen man da ke wucewa zai iya ƙona matatar hayaƙi da ke cikin salansa, don haka sai ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa.

Motocin ɗaukar kaya ƙanana da aka ƙera don kasuwar Amurka daga shekarar 1996 suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta lambobi. Lambar P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P0300 kuma tana nufin tsallaken wuta a silinda daban-daban. A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi, domin lambar alama kawai take nunawa, ba ta faɗin sunan kayan da ya lalace. Ƙarancin mai yana iya fitowa daga toshewar filtar mai, ko gajiyar famfon mai, ko dattin nozul da ke fesa mai cikin injin, ko ma tsagewar wani tiyo da ke zuƙo iska ta bayan fage.

Saboda haka a fara da abu mai sauƙi. Duba murfin tanki, domin idan bai ɗauru ba ko robarsa ta tsage, wannan kaɗai yakan kunna fitilar a motar fetur. Bayan haka ka murza makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka kasa kunne wajen tanki: lafiyayyen famfo yakan yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu sannan ya yi shiru. Idan ba ka ji komai ba, duba fis tukuna kafin ka ɗora wa famfo laifi. Motar da take tashi lafiya amma ta riƙa shaƙewa a kan hawa ko da nauyin kaya, galibi filtarta ce ta cika da tsatsar tsohon tanki.

Mai injin dizal yana da ƙarin abokan gaba biyu, wato ruwa da iska. A tsiyaye ruwan da ya taru a gindin filta, kuma duk lokacin da aka canza filta a fitar da iskar da ta shiga layi, in ba haka ba injin zai yi ta juyawa ba tare da ya kama ba.

Kafin ka kwance kowane tiyon mai, bari injin ya huce, cire wayar batir, ka kuma nisanta sigari da duk wata wuta, domin a motar nozul man yana nan a matse ko da injin a kashe yake.

Aikin yi: nemo soket ɗin motar da kake tuƙawa, sannan ka rubuta a littafinka ranar da aka canza mata filtar mai ta ƙarshe.