Yadda za ka hau dutse ko da kana tsoron bisa

Ranar da na fara hawa Dutsen Kufena a Zariya, ban kai rabi ba ƙafafuna suka ƙi. Waiwaye ɗaya na yi don in hango inda muka ajiye babur, sai na ji kamar dutsen na zamewa a ƙarƙashina. Na tsugunna, tafin hannuna sharkaf da gumi. Wani yaro mai kiwon awaki ya zo wucewa, silifas ɗinsa a hannu, ya ce, "Malam, daina kallon gari, kalli dutsen da ke gabanka." Na ji kunya, amma maganarsa ce ta sauko da ni.

Yaron ya yi gaskiya, ga dalili. Jiki na tsayuwa daidai ne da taimakon ido da cikin kunne da tafin ƙafa. A ƙasa, ido na kama bango ko bishiyar da ke kusa, da su yake gane ko ka karkata. A bisa kuwa komai ya yi nisa, ido ya rasa madafa, sai jiki ya fara ɗan tangaɗi, zuciya ta ɗauka faɗuwa za a yi. Daga nan numfashi ya yi sama-sama, gwiwa ta kama rawa. Ba ragwanci ba ne, ba kuma mutanen ɓoye ba.

Mataki na farko, fara da ƙarami. Kada ka ce ranar farko sai duwatsun Shere na kusa da Jos, masu tsayin mita 1,829 daga gaɓar teku, balle Chappal Waddi na Gashaka-Gumti a Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya da mita 2,419. In kana Kano, Dala ta ishe ka, tunda akwai matattakala. In babu dutse a garinku, gadar sama ta masu tafiya a ƙasa ko barandar bene ma makaranta ce. Hau har inda gabanka ya fara faɗuwa, ka tsaya nan. Sirrin yana cikin tsayuwar: kada ka sauko lokacin da tsoron ke kan ganiyarsa, jira har bugun zuciya ya lafa, ko da zai ɗauki minti 10. Wanda ya gudu a tsorace ya koya wa jikinsa cewa gudun ne ya cece shi, gobe tsoron zai dawo da ƙarfinsa. Washegari ka ƙara 'yan matakai kaɗan.

Na biyu, shiri. Takalmi kambas mai ƙasan roba da ke kama dutse, ba silifas ba; yaron can a kan dutsen ya tashi, kai baƙo ne. Babbar riga ta zauna a gida. 'Yar'uwa, ki zaɓi hijabin da iska ba za ta cika shi ba, wanda kuma ba zai rufe miki ganin ƙafa ba. Ruwa a jakar goyo, hannu biyu a sake. Ka karya kumallo, don yunwa da ƙishirwa kan kawo jiri nasu na daban, amma ka rage goro da kofi, suna ƙara rawar hannu. Fita da sassafe. In an yi ruwa da dare, ka haƙura: jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka ya fi sabulu santsi.

Na uku, ba ido aiki. Zaɓi abu ɗaya da bai wuce taku uku ko huɗu ba, tsaguwar dutse ko ciyawa, ka nufe shi, in ka isa ka zaɓi wani. In wurin ya miƙe, kama da hannu, ka riƙa ɗaga gaɓa ɗaya kawai a lokaci guda, sauran ukun na dafe. Kana son kallon gari ko ɗaukar hoto? Matsa nesa da baki, zauna daram, sannan ka ɗaga kai. Ba a tafiya ana kallon waya, ba a ja da baya don hoto ya yi kyau.

To idan abin ya taso fa? Zauna ko ka tsugunna, ka juya fuska wajen dutsen, ka dafa shi. Kada ka rufe ido, hakan na ƙara tangaɗi. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fesar a hankali kana ƙirga shida. Fitarwar ce ke kwantar da zuciya. Ni nakan haɗa da hasbunallahu a hankali. Ka faɗa wa abokin tafiya kai tsaye, "Tsaya, jiri nake ji." Shi ya sa tun a gida za ka zaɓi mai haƙuri, ba mai tsiya da zai ce "haba namiji" yana fizgar hannunka ba. Aikinsa ya tsaya ta gefen gangara, ya nuna maka inda za ka sa ƙafa.

Amma in kana jin duniya na juya maka ko a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko in ka mirgina a kan gado, wannan hajijiya ce ta daban. Je ka ga likita ya duba kunne da jini kafin ka hau ko'ina.

Saukowa ta fi hawa wuya, domin yanzu sararin na gabanka, ƙafa kuma ta gaji. Saboda haka tun kana hawa ka riƙa tambayar kanka: nan zan iya saukowa? In amsar a'a ce, hawan yau ya ƙare. Lanƙwasa gwiwa kaɗan, gajerun taku, ka bi a karkace maimakon miƙewa sak. Inda ya yi tsaye sosai, juya ka fuskanci dutsen kamar mai sauka daga tsani, ko ka zauna ka ja gindi. Haka na sauko daga Kufena ran nan, wando ya yage ta baya, na ɗaura rigar sanyi a ƙugu har gida.