Idan fayil ɗin Excel ya ƙi buɗewa

Duk wanda ya kawo mini fayil ɗin Excel da ya ƙi buɗewa, kafin in taɓa komai sai na kwafe shi na ajiye na asalin a gefe. A kan kwafin nake gwaje-gwaje, domin wani gyaran yakan tafi da wani abu daga cikin fayil. Yawancin waɗanda ake cewa sun lalace ma lafiyarsu ƙalau, matsalar tana wani wuri ne.

Fara da girmansa. Danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties. In ka ga 0 KB, kada ka wahalar da kanka, babu komai a ciki, a sake turo maka. A ƙasan wannan akwatin kuma wani lokaci za ka ga Unblock. Windows ne ke tsare abin da ya zo daga intanet ko imel. In ka yarda da wanda ya turo, ka danna shi ka sake gwadawa.

Sai wutsiyar sunan, wato haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil, inda na fi kama ɓarawon. Tun daga Excel na 2007 ake amfani da .xlsx, tsohon kuwa .xls ne, kuma cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Wani sai ya canza wutsiyar da hannu yana zaton ya sauya nau'in fayil, Excel kuma ya ce sunan bai dace da abin da ke ciki ba. Ga yadda nake ganewa: buɗe kwafin da Notepad. Rubutu ne marar kan gado zai fito, amma duba haruffa biyu na farko. In PK ne, sabon nau'in ne, don .xlsx a haƙiƙa ƙunshin zip ne. In kuwa ka ga sunaye da lambobi a jere da waƙafi tsakaninsu, CSV ne, wato fayil na rubutu zalla mai wutsiyar .csv, aka yi wa rigar aro. Mayar masa da wutsiyarsa ta gaskiya.

In wannan bai yi ba, gwada buɗe wani fayil daban. Idan shi ma ya ƙi, laifin Excel ne. Riƙe Ctrl yayin da kake kunna shi, zai tashi ba tare da ƙarin manhajojin da aka liƙa masa ba. Ya buɗe a haka? To ɗaya daga cikinsu ce, ka kashe su ɗaya bayan ɗaya a Add-ins. In kuma fili ne toka-toka kawai ke fitowa, leƙa View ka danna Unhide, mai yiwuwa an ɓoye fayil ɗin ne.

Sai duk waɗannan sun gaza nake zuwa gyara. Daga cikin Excel ka shiga Open, ka zaɓi fayil ɗin, amma maimakon danna Open ɗin, danna ɗan kibiyar da ke gefensa ka zaɓi Open and Repair. Fara da Repair. In ya kasa, Extract Data zai ciro maka lambobi da dabarun lissafi, kwalliyar dai sai ka haƙura. LibreOffice Calc ko Google Sheets ma sukan buɗe abin da Excel ya ƙi, sai ka adana da sabon suna.

CSV yana da nasa halin. Yana buɗewa, amma komai ya cunkushe a shafi ɗaya na tsaye, ko ƙ da ɗ da ɓ su koma wasu alamomi, ko sifirin farkon lambar waya ya ɓace. Kada ka buɗe shi da danna sau biyu. Shiga Data, sannan From Text/CSV, ka zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, ka nuna ko waƙafi ne ko waƙafi mai ruwa ya raba bayanan, sannan a Transform Data ka mayar da shafin lambobin waya ya zama Text kafin ka shigo da shi.