Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da kalmar "bearish"

Duk wanda ya shiga harkar kirifto ko hannun jari zai riƙa jin ana cewa wane "bearish" ne. Ma'anarta dai mutum yana hasashen farashi zai sauka. Hasashe ne, kuma nan ne kuskuren farko yake: wasu da sun ga kyandir na jadawalin farashi ya yi ja (alamar sauka) da safe sai su ce kasuwa ta zama bearish. Saukar yini ɗaya ba ta isa ba. A al'adar 'yan kasuwar Amurka, in farashi ya sauko da kashi 10 cikin ɗari daga ƙololuwarsa, gyara ake kiransa. Sai ya kai kashi 20 ake cewa an shiga "bear market". S&P 500, wato ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ta zube da kusan kashi 57 tsakanin Oktoban 2007 da Maris 2009. Bitcoin ya sauko daga wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021 zuwa wajen 16,000 bayan shekara guda. Irin waɗannan ake nufi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne faɗar kalmar tsurarta, ba a ce a kan me ba, ba a ce zuwa yaushe ba. Mutum na iya tsammanin Bitcoin zai faɗi wannan makon, alhali yana da yaƙinin zai tashi nan da shekara uku. A canjin kuɗi ma abin ya fi rikitarwa, domin kuɗi biyu ne ke fuskantar juna: wanda ya ce yana bearish a kan naira, cewa yake dala za ta ƙara tsada. In ka ji an faɗa, tambayi: a kan wace kadara, kuma na tsawon wane lokaci? Wanda ya kasa amsawa, kada ka taɓa jarinka saboda maganarsa.

Akwai masu haɗa faɗuwar kasuwa da karayar tattalin arziki. Ba ɗaya ba ne. A 1987 hannun jarin Amurka ya rushe, amma tattalin arzikin ƙasar ya ci gaba da bunƙasa.

Sannan kalmar ba umarnin sayarwa ba ce. A 2020, lokacin korona, S&P 500 ta faɗi da kusan kashi 34 cikin makonni biyar, kafin ƙarshen Agusta kuma ta wuce inda take a da. Waɗanda tsoro ya sa suka sayar a Maris sun sayar ne daidai lokacin da kaya suka fi araha.