Yadda ake haɗa tambayar da minista ba zai samu hanyar kauce mata ba

Idan magani ya yanke a likitar garinku har wata uku, ko an yanka filaye an karɓi kuɗin mutane shekaru sun wuce babu famfo babu turken wuta, ƙorafin da ake yi a fada ana shan shayi ba ya isa Yamai. Abin da ke isa shi ne takarda mai kwanan wata da lissafi, a hannun wakilin da zai iya ajiye ta gaban minista. Wannan bayani na membobin kwamitocin lafiya ne, da ƙungiyoyin unguwa, da matasan da ke taya wakilai rubutu, musamman a jihar Tawa, inda daga Tasara zuwa Ƙonni tafiya ce ta gaske, wakili ɗaya ba zai taɓa zagaye kowane gari da ƙafarsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A fara da sanin wanda ake kai wa magana, da iyakar ƙarfinsa. Kundin tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamban 2010 ya ba ƴan majalisar dokoki damar yi wa firaminista ko kowane minista tambaya a rubuce ko da baki, da damar kiransa zaure ya yi bayani, kuma amsawa wajibi ce a kansa. Kundin ya tanadi kwamitin bincike, da kuma ƙuri'ar yanke ƙauna, wadda ita ce sandar ƙarshe. Ta taɓa aiki tun kafin wannan kundin: ranar 31 ga Mayun 2007 ƴan majalisa 62 cikin 113 suka sauke gwamnatin Hama Amadu kan badaƙalar kuɗin ilimin firamare. An dakatar da kundin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisar mai kujeru 171 ta daina zama. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa jami'an riƙo, sannan a Yunin 2025 aka ƙaddamar da majalisar tuntuɓa ta CCR mai membobi 194, waɗanda naɗa su aka yi. Aikinta ba da shawara ne, ba ta kafa doka, ba ta sauke gwamnati. Kada ku nemi mamba nata ya yi abin da ba shi da hurumin yi, za ku ɓata masa lokaci ku ɓata naku. Amma yana iya ɗaukar takardarku ya kai kwamiti, ya sa ta cikin rahoto, ya ɗaga ta idan jami'in gwamnati ya zo gabansu. Tsarin haɗa takardar ɗaya ne, ko mai karɓa zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe.

Kuskuren farko da ake yawan yi shi ne ɗora wa minista abin da ba nasa ba. Shara ta toshe magudanar ruwa a unguwa, wannan na ofishin magajin gari ne. Majo, wato shugaban likitar gari, ba ya zuwa aiki, wannan na babban likitan gunduma ne, daga nan sai daraktan lafiya na jiha. Abin da ya cancanci zauren wakilai shi ne abin da gwamnatin tsakiya ta yi alkawari cikin doka ko cikin kasafin kuɗi, ta kasa cikawa, kuma matsalar ta maimaitu a wurare da yawa. Saboda haka a bi matakan ƙasa tukuna, a rubuce. Kowace wasiƙa a yi ta kwafi biyu, a kai ofishin karɓar wasiƙu, a sa su buga hatimi da kwanan wata da lamba a kan kwafinku. Wannan kwafin mai hatimi shi ne zai hana a ce muku "ba a taɓa sanar da mu ba".

Bari mu daɗe kaɗan kan lafiya, don nan ne hujja ta fi sauƙin tarawa kuma nan ne aka fi lalata ta.

Tun 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, haka maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da tsarin iyali. Kyauta a nan na nufin likitar ta yi aikin da maganinta, ta rubuta takardar biyan kuɗi kowane wata, takardar ta bi ta gunduma da jiha zuwa Yamai, sannan baitulmali ya mayar da kuɗin. Inda tsarin ya daɗe yana karyewa shi ne wurin mayarwar. Idan kuɗi bai dawo ba, asusun CSI, wato likitar gari, ya bushe, ba a iya sayo sabon magani, sai a rubuta wa uwa ordinas ta tafi kantin magani da kuɗinta. Cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai ta yi shekaru tana nazarin wannan matsala. Uwar da ke tsaye da yaro mai zazzaɓi a baya tana ganin laifin majo ne, alhali sau da yawa igiyar can sama ta tsinke. Tambayar da aka gina kan "ma'aikata na sayar da maganin kyauta" za ta ƙare ne a canza wa wani wurin aiki, asusun kuma ya ci gaba da zama fayau.

Abin da za ku tara ke nan. Ta hannun kwamitin kula da asusun likita, wanda yake da haƙƙin ganin lissafi, ku samu jimillar takardun biyan kuɗin da aka aika wata-wata na shekara guda, da abin da aka mayar, da ranar da kuɗi ya shigo na ƙarshe. Sannan ku zaɓi magunguna kaɗan, huɗu ko biyar, waɗanda kowa ya san amfaninsu: maganin zazzaɓin cizon sauro, abin gwajinsa, amoksisilin na yara, gishirin zawo da zink, allurar tsayar da jini bayan haihuwa. Kowane magani yana da katin ajiya a ɗakin magani, inda ake rubuta shiga da fita. A katin ne za a ƙirga kwana nawa maganin ya yi a sifili. Ku kula da watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi ke cika benci, don yankewar kwana goma a lokacin ta fi ta wata guda a rani illa. Likita ɗaya ba ta isa hujja ba. Ku nemi biyar ko shida a gundumomi biyu aƙalla, misali Madawa da Buza, ko Ilela da Keita, duka a cike fom iri ɗaya na watanni iri ɗaya. Idan wannan ya kawo lissafin Janairu zuwa Yuni wancan ya kawo na damina, ba za su haɗu ba, kuma ma'aikata za su gane haka a kallon farko.

Tun 1 ga Satumban 2024 kuma akwai sabon abin aunawa: gwamnati ta rage kuɗin jinya a likitocinta da rabi, ta ce haihuwa kyauta ce, ta soke jikka 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara musu. A duba ko an liƙa sabon farashi a bango inda kowa zai gani, a tara rasit na abin da mutane suka biya, a tambayi ko ana cike wa likitar giɓin da ragin ya jawo mata.

Hattara da abu biyu. Kada a ɗauki hoton rajista mai sunayen marasa lafiya, kada sunan mai jinya ya shiga takarda. Kuma kada a ambaci ma'aikacin da ya taimaka muku. Lissafin ya fito da sunan kwamiti, shugabansa ya sa hannu. Ƙaramin ma'aikaci yana da iyali, kuma shi ne ke kwana da marasa lafiyarku.

Maganar gidaje da filaye ta fi santsi, domin kalma ɗaya tana ɗaukar ma'ana biyar. Idan aka ce "an yi gidaje kaza", a tambaya: waɗanda aka yi alkawari ne, ko waɗanda aka aza harsashinsu, ko waɗanda aka rufa, ko waɗanda aka miƙa makullinsu, ko waɗanda mutane ke kwana a ciki? A je wurin a ƙirga ƙofa-ƙofa, a ɗauki hoto mai kwanan wata, a kwafe abin da ke jikin allon aiki: sunan mai aikin, kuɗin, wa'adin. Idan aikin na SONUCI ne, wato kamfanin gina gidaje na ƙasa, ko da bashin Bankin Muhalli aka yi shi, a nemi sharuɗɗan samun gidan, don a nan ake gane ko mai sana'ar hannu da ba shi da takardar albashi yana cikin lissafi. Ga filaye kuwa, takardar sayar da fili daga ofishin magajin gari take fitowa, takardar mallaka ta dindindin kuma daga sashen filaye na ma'aikatar kuɗi. Mutum biyu riƙe da takarda kan fili ɗaya, maganar kotu ce. Amma unguwa guda da aka yanka a bakin korama, inda kowace damina gidajen ƙasa ke zubewa, wannan maganar minista ce: wa ya amince da taswirar, kuma an yi binciken hanyar ruwa kafin a yanka? A Yamai ruwan kogi yana shiga jan layi ne a santimita 620, a Satumban 2020 ya kai wajen 700 ya cinye unguwanni irin su Saga da Lamorde. A 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa. A Adar, wato yankin Tawa, ba kogi ne ke ɓarna ba, koramu ne da ke saukowa daga duwatsu cikin sa'a guda, don haka a tambayi madatsai da magudanai, da inda aka tsugunar da waɗanda suka rasa gidaje, da ko wurin yana da ruwan sha.

Duk tambayar da ta taɓa kuɗi, a san cewa kuɗin gwamnati yana da matakai. Akwai abin da aka rubuta cikin kasafi, akwai abin da ma'aikatar kuɗi ta saki, akwai wanda aka ɗaure wa wani aiki, akwai wanda aka ba da umarnin biya, akwai wanda ya fita daga baitulmali da gaske. Idan kun tambayi "nawa aka ware", za a ba ku lambar farko, ita ce mafi girma, kuma ba ƙarya aka yi muku ba. Ku tambayi ta farko da ta ƙarshe tare. A Abuja a 2001 ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Ana iya ambata shi, amma jimla ɗaya ta isa, don ba shi ne zai dawo da amoksisilin kan kanta ba.

Takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya, hujjoji su biyo a baya da lambobi. Sakin layi na farko ya faɗi abin da doka ko sanarwar gwamnati ta ce, da kwanan watanta. Na biyu ya faɗi abin da aka gani, a ina, daga yaushe zuwa yaushe. Sannan tambayoyi, uku sun wadatar, kowace da amsar da ake iya ƙirgawa. Ga kamanninta: "Ranka ya daɗe minista, a likitoci kaza na gundumomin Madawa da Buza, an aika takardun biyan kuɗi na sefa kaza daga Janairu zuwa Disamba, an mayar da kaza. Nawa ne jimillar bashin da likitocin jihar Tawa ke bin gwamnati a ƙarshen shekarar? A wane wata za a fara biya? A wane layi na kasafi aka tanadi kuɗin?" Wanda ya rubuta "me gwamnati ke yi game da lafiyar yara" ya buɗe ƙofar jawabin rabin sa'a kan gine-ginen da aka ƙaddamar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma lamba ɗaya da kuka yi kuskure ta isa a shafe zaman ana gyara ta a bar sauran. A sa mutum biyu da ba su suka tara lissafin ba su sake haɗa shi. Zagi da zargin sata ba tare da hujja ba su fita daga takardar gaba ɗaya.

A rubuta ta da Hausa da Faransanci. Tun Maris ɗin 2025 Hausa ce harshen ƙasa, amma ofisoshi da Faransanci suke aiki, kuma ta Hausar ita za a karanta wa jama'a a taro ko a gidan rediyon gari. Dokar 23 ga Fabrairun 2011 kan samun bayanan hukuma tana da amfani a ambata ta cikin wasiƙar neman takardu.

Lokaci ma yana da nasa. Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, ma'aikatu kuma tun tsakiyar shekara suke tsara buƙatunsu. Takardar da ke neman a ƙara kuɗi ta isa hannun wakili kafin damina ta yi nisa. Wadda ta zo a Disamba sai baɗi. A ba wakilai biyu ko uku, ɗaya daga yankin, ɗaya daga kwamitin da ke kula da harkokin jama'a ko na kuɗi, a kuma aika wa kantoma da gwamna kwafi don kada su ji labari daga sama.

Idan amsa ta zo, a rubuta ta kalma da kalma, a ja layi ƙarƙashin duk inda aka ambaci wata ko adadi. Idan minista ya ce za a biya kafin ƙarshen Maris, a farkon Afrilu a koma likitocin nan guda shida da fom ɗin nan dai, a duba asusu, a duba katin ajiya. Abin da aka samu shi ne sakin layi na farko na takarda ta biyu, a maƙala mata kwafin ta farko mai hatimi.