Yadda Ake Auna Hasken Tumatir Don Kwatanta Takin Gida Da Na Zamani

Idan ka haska ganye ko tumatir sannan ka kashe fitila, yakan ci gaba da sakin wani ɗan haske da ido ba ya gani, yana raguwa a hankali. Masana kimiyya Strehler da Arnold suka gano haka a 1951, daga baya Fritz-Albert Popp na Jamus ya shahara da gwada abinci ta wannan hanya. Raguwar nan ita za ka auna.

Kana buƙatar na'urar ƙidaya haske da ake kira PMT, da akwatin da ko ɗigon haske ba ya shiga. Na'urar tsada gare ta, nemi aro a ɗakin gwaje-gwaje. Kyamarar waya ba ta yi, kada ka wahalar da kanka.

Wajen ɗebo tumatir ɗalibai ke faɗuwa, kuma abin yana ci mini rai. Sai mutum ya shiga kasuwar Sabon Gari, mai kaya ya ce masa wannan kwandon na takin gida ne, shi ke nan ya yarda. Wa ya shaida? Taka da ƙafarka zuwa fadamar Galma da ke Zariya, ka tambayi manomi da bakinka ko kashin shanu ya zuba ko NPK. Iri ɗaya, tsinkar rana ɗaya, sannan uwa uba nuna ɗaya. Galibin hasken nan daga sinadarin kore yake fitowa, wato kulorofil, don haka tumatirin da bai gama ja ba zai fi jajaye haske nesa ba kusa ba, ko da wane taki aka noma shi. Sai mutum ya rubuta cewa takin gida ya yi nasara, alhali ɗanyen tumatir ya auna. Jera tumatirin a farar takarda ka daidaita launi, wanda ya ƙuje ka cire shi, domin rauni ma yana ƙara haske.

Kowanne ya yi rabin sa'a a duhu kafin awo. Da safe za ka yi aikin, zafi yana sa na'urar ƙidayar bogi, kuma da batir, kada wuta ta ɗauke maka. Fara auna akwatin babu komai, ka riƙa cire wannan adadin. Sai ka haska, ka kashe, ka ƙidaya, tsawon lokaci ɗaya ga kowa. Abokinka ya sa musu lamba don kada ka san na wace gona ne.

Haske kaɗai ba ya faɗin ingancin tumatir, saboda haka auna sukarin kowane tumatir ka rubuta a gefen sakamakonsa.