Yadda Ake Zaɓen 'Yan Wasa a Gasar Fantasi ta Besbol

Wanda ya saba da fantasin Firimiya ya san ɗan wasa guda na iya zama a tawagar miliyoyin mutane lokaci ɗaya. A fantasin besbol na Amurka, kowane ɗan wasa mai shi ɗaya ne. Ku goma ko goma sha biyu za ku haɗu a watan Maris, a Yahoo ko ESPN ko Fantrax, kuna ɗauka bi da bi, wanda ya fara a zagayen farko shi ne na ƙarshe a na biyu. Wasu kuma gwanjo suke yi, kowa da dala 260 ta wasa don sayen mutum 23. Yawancin waɗanda ka kwasa ranar nan da su za ka yi wata shida, domin kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa.

Kafin ka duba sunan kowa, karanta dokokin gasarku. Tsarin ya samo asali ne a 1980, lokacin da marubuci Daniel Okrent da abokansa suka tsara shi, suka raɗa masa sunan gidan abincin da suke haɗuwa a New York. Wanda aka fi bi yanzu rukuni goma ne. Biyar na masu duka: homran, wato dukan da ke tsallake katanga, makin da mutum ya ci da ƙafarsa, makin da dukansa ya shigo da abokansa, satar tasha (tashoshi su ne wuraren da ɗan wasa ke zagayawa a fili kafin ya ci maki, sata kuwa ita ce rugawa zuwa ta gaba ba tare da an doki ƙwallo ba), da kason dukan da ya yi nasara. Biyar na masu jifa: nasara, rufe wasa (shigowa a ƙarshe a kare 'yar ratar da ƙungiya ke da ita), korar masu duka, sai ERA da WHIP, waɗanda ke auna yawan maki da yawan mutanen da mai jifa ya bari suka kuɓuce masa. In gasarku ta tara maki ce zalla, ɓarawon tasha ba ya da daraja sosai. Ko Shohei Ohtani, wanda ke duka kuma yake jifa, ya danganta da dandali: Yahoo ta raba shi biyu, mai duka daban, mai jifa daban, a ESPN kuwa mutum ɗaya ne.

Zagaye uku na farko, ni masu duka nake ɗauka, musamman masu ba da abu biyu. Tun 2023 da aka faɗaɗa tashoshi daga inci 15 zuwa 18, aka kuma taƙaita yawan jifan da ake yi don kama mai shirin sata, satar tasha ta ƙaru, saboda haka mai gudu kaɗai ba abin wawaso ba ne. Mai haɗa ƙarfi da gudu ake nema, irin abin da Ohtani ya yi a 2024, homran 54 da sata 59.

Me ya sa ba masu jifa ba? Gwiwar hannu. Spencer Strider ya kori masu duka 281 a 2023, ya ci wasa 20, aka yi ta rububinsa a shekarar da ta biyo. Wasa biyu ya buga aka kai shi tiyata. Gerrit Cole ya karɓi Cy Young, kyautar gwarzon mai jifa, a 2023, amma ko jifa ɗaya bai yi ba a kakar 2025. Aikin ɗinkin jijiyar da ake kira da sunan Tommy John, wanda aka fara yi wa shi a 1974, yakan zaunar da mutum shekara guda ko fiye. Don haka in ka ji an ce mai jifa yana kukan damtse ko gwiwar hannu a atisayen Fabrairu da Maris, ko saurin jifansa ya ragu, bar wa wani. Ka ɗauki gwani ɗaya wajen zagaye na huɗu, sauran ka tara su a tsakiya, kana fifita mai yawan kora da ƙarancin ba da tasha kyauta. Yawan nasara ba na mai jifa ba ne shi kaɗai, rabinsa aikin masu dukan ƙungiyarsa ne.

Daga nan sai batun suna, inda aka fi yin asara. Mike Trout gwani ne babu musu, amma wasa 36 ya buga a 2021, 82 a 2023, 29 a 2024. Wanda ke ɗakin jinya ba ya kawo maki. Ka buɗe tarihin shekara uku na duk wanda kake so, ka fara duba yawan wasannin da ya buga kafin komai. Ba kowane rauni ake hangowa ba, gaskiya ne: Ronald Acuña Jr. ya yi homran 41 da sata 73 a 2023, kusan ko'ina shi aka fara ɗauka, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Mayun 2024. Wannan tsautsayi ne. Sayen wanda ya saba kwanciya duk shekara da tsada kuwa, ganganci ne.

Haka kuma a yi hattara da wanda ya yi tashe bara kaɗai. Akwai ma'aunin BABIP a shafin ƙididdiga na FanGraphs, wanda ke nuna kason ƙwallayen da aka doka cikin fili suka zama nasara. Na yawancin mutane yana wajen .300. In ka ga wanda ya saba .290 ya tashi .370, sa'a ce ta yi masa aiki, kuma za ta janye. Wanda nasa ya faɗi ƙasa alhali ƙarfin dukansa bai canza ba, shi ne araha.

Fili ma a duba shi. Coors Field na Denver yana tudun kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa. Masu dukan Colorado Rockies, ƙungiyar da nan ne gidanta, suna cin moriyar haka, masu jifansu kuma a kauce musu.

Masu rufe wasa kada ka kashe musu zaɓi mai tsada. Koci na iya sauke mutum bayan ɓarin wasa uku, wani sabo ya fito a Mayu ka ɗauke shi kyauta. Mai cafe ƙwallo a bayan mai duka ma haka, don ana yawan hutar da shi. Cal Raleigh, wanda mai cafewa ne, ya yi homran 60 a 2025, amma wanda ya saye shi a kan lissafin 60 ya sayi farashin bara ne.

Zagaye biyar na ƙarshe nan ne wurin kasada: matashin da ake shirin haurowa da shi daga ƙananan ƙungiyoyi, mai jifan da ya koyi sabon salo, majinyacin da zai dawo a Yuni in gasarku tana da gurbin ajiye masu rauni. Ka riƙe jadawalin da ke nuna zagayen da aka saba ɗaukar kowa, don kada ka ɗauki a na takwas wanda zai jira ka har na goma sha biyar. Duk wanda bai yi ba a cikinsu, ka sallame shi kafin ƙarshen Afrilu ka ɗauko wani.