Mota mai ɗaki da sanyin Turai: kurakuran da aka fi yi kafin tafiyar hutu

Motar da ke da gado da kicin da banɗaki a cikinta abu biyu ce a haɗe, ga mota ga gida. Yawancin wahalar da masu ita ke sha a hutun Disamba daga nan take farawa, a duba ɗaya a manta da ɗaya. Mutum zai kai ta gwajin MOT a Ingila, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, a ba shi takarda, ya koma gida hankali kwance. Alhali abin da mai gwajin ya duba shi ne birki, da fitilu, da taya, da hayaƙin salansa. Bai kunna hita ba, bai taɓa bututun gas ba, bai leƙa ko rufi na yoyo ba, don ba aikinsa ba ne. Duba ɓangaren ɗakin aiki ne daban da kuɗinsa daban, kuma dokar Ingila ba ta tilasta shi a kan mai motar kansa ba, shi ya sa ake tsallakewa. A Jamus kuwa, tun watan Yunin 2025 gwajin gas ya zama dole duk shekara biyu. Ko ina kake, ka nemi rana wajen masu wannan aiki tun farkon Nuwamba, kafin layi ya yi tsawo.

Sai taya, inda ido ya fi yaudarar mutane. Irin wannan mota ta fi zama a ajiye fiye da tafiya, don haka zanen tayarta ba ya suɗewa, sai dai robar ta tsufa a tsaye. Ka durƙusa ka duba gefen tayar, za ka ga lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2318, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2018. Masu sana'ar da yawa na cewa daga shekara biyar a fara shirin canji, kada ta haura bakwai, ko da zanen kamar sabo. Ka haska tocila ta gefen ciki ma, ƙananan tsagu sukan ɓuya a can. Safaya kuma shekarunta ake dubawa kamar sauran.

Wani kuskuren shi ne zaton dokar ƙasarka za ta bi ka ƙetare. A Ingila zurfin zane milimita 1.6 ya wadatar a doka. A Ostiriya, daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, idan hanya na da dusar ƙanƙara, tayar sanyi ake buƙata mai zurfin milimita 4. Jamus tun 1 ga Oktoban 2024 ba ta ƙara ɗaukar mai rubutun M+S kaɗai a matsayin tayar sanyi, sai mai hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya. Faransa ma, a yankunan duwatsu da aka ware, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris sai da irin wannan taya ko sarƙar ɗaura wa taya a cikin mota. Sarƙar nan, don Allah ka gwada ɗaura ta a ƙofar gida da rana. Wanda zai fara warware ta a gefen hanyar dutse, cikin duhu, yatsu sun sandare, motoci na watsa masa ruwan gishiri, zai gane kurensa. Yawancin waɗannan motoci a kan Fiat Ducato aka gina su, tayoyin gaba ne ke ja, to a kansu ake ɗaurawa.

Gas ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin nan ne kuskure ke iya kaiwa ga rai. Gas iri biyu ake sayarwa. Biyuten yana daina tashi daga tukunya da zarar sanyi ya kai wajen digiri sifili. Ka jijjiga tukunyar ka ji ta cike, amma murhu ya ƙi kamawa. Furofen kuwa yana aiki har zuwa digiri 42 ƙasa da sifili. A tukwanen kamfanin gas na Calor a Ingila, shuɗiya ce biyuten, ja ce furofen, kuma ja ita ce ta hunturu. Kan haɗinsu ba ɗaya ba ne, sai ka tabbata tiyo da abin daidaita gas ɗinka sun dace kafin ka sayo. Ka kuma sani ba za a musanya maka tukunyar Calor a Faransa ko Jamus ba, kowace ƙasa da irin tukunyarta da bakinta. Ga shi hita na shan gas ba kaɗan ba, a tsananin sanyi tukunya mai kilo 11 na iya ƙarewa cikin kwana uku. Ko dai ka tafi da biyu, ko ka sa a ɗaura maka irin wadda ake cikawa a gidan mai, tare da bakunan haɗi na ƙasashen da za ka ratsa.

Idan gas ya ƙare ko hita ta ƙi, nan mutane ke yin dabarar da ke kashewa: a kunna murhun girki a bar shi don ɗumi, a toshe kafofin iska da tsumma wai sanyi na shigowa. Mu da muka taso muna ganin ana shiga ɗaki da kaskon garwashi lokacin hunturu, mun san labarin waɗanda suka kwanta ba su tashi ba. Gubar ɗaya ce, kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma cikin mota ya fi ɗaki ƙunci nesa ba kusa ba. Kafofin nan da ke ƙasa da saman rufi da gangan aka yi su, a bar su a buɗe. Na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru tana da ranar ƙarewar aiki a bayanta, a duba, a danna maɓallin gwaji. Da safe kuma a share dusar da ta rufe bakin bututun hayaƙin hita.

Ruwa shi ma yana da nasa. Ka tashi da asuba za ka yi alwala, ka murɗa famfo, injin ruwa na gurnani amma ko ɗigo babu, ka leƙa ƙarƙashin mota ka tarar da faifan ƙanƙara. Ba abin da ya fashe. Tukunyar ruwan zafi ta kamfanin Truma na da wani bawul da ke buɗe kansa idan sanyi ya kai wajen digiri 3, ya zubar da ruwan don kada ya daskare ya tsaga ta. Ba ya yarda ya rufu sai wurin ya ɗumama zuwa wajen digiri 7. Don haka a fara kunna hita, ɗaki ya yi ɗumi, a rufe bawul, sannan a cika tanki. Masu yin akasin haka ruwansu a ƙasa yake ƙarewa. Tankin ruwan datti kuwa galibi a waje yake, ƙarƙashin bodi. Idan ba shi da abin ɗumamawa, ka bar bakinsa a buɗe inda aka sauka, ka tara bokiti kana zubarwa. Jarka ɗaya ta ruwa a cikin ɗaki tana fitar da mutum kunya.

Ɓangaren inji ba shi da yawan magana, amma akwai ɗabi'ar da wasunmu suka taho da ita daga gida: zuba tsurar ruwa a lagireto. A Kano ba ya daskarewa, a tsaunukan Alfas kuwa zai iya fasa inji. Bakanike na da ɗan abin auna ƙarfin maganin daskarewa, aikin minti biyu ne. Ruwan wanke gilashi ma a zuba na sanyi. Dizal ɗin da ya kwana a tanki tun watan Agusta na bazara ne, yakan yi kauri ya toshe matatar mai. Gidajen mai a Jamus da Ingila na komawa na hunturu daga tsakiyar Nuwamba, sai a ƙone tsohon a cika da sabo. AdBlue, ruwan da ake zuba wa motar dizal don tsabtace hayaƙinta, na daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, kada a bar jarkarsa a akwatin waje.

Batir biyu ne, na tayar da inji da na ɗaki, kuma na ɗakin ake mantawa. Hita ko ta gas ce, fankarta da wuta take aiki, batir ya mutu ɗumi ya tafi. Irin na dalma idan ya huta ya nuna bolt 12.7 a cike yake, 12.2 kuwa ya kai rabi. Na litiyam ba a cajinsa ƙasa da digiri sifili sai in yana da abin ɗumama kansa. Faifan sola kuma kada a sa rai da shi a Disamba.

Nauyi ne abin da mutanenmu suka fi rainawa. Lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, amma a Ingila wanda ya sami nasa kafin 1 ga Janairun 1997 na da damar kaiwa 7,500. Motar da kanta ta riga ta cinye mafi yawan wannan. Ruwa lita 100 kilo 100 ne cif. Ƙara tukwanen gas biyu, sarƙa, barguna, buhun shinkafa, galan ɗin mai, iyali, da tsarabar 'yan uwan da za a biya wa a birnin Hambug na Jamus. Ka loda ta yadda za ka tafi, ka hau sikelin manyan motoci, a auna gaba daban baya daban, domin tayoyin baya kan haura ƙa'idarsu ko da jimillar ba ta wuce ba. Idan ta yi yawa, ruwa ake fara ragewa, a cika a masauki.

Mako guda kafin tafiya, ku kwana a cikinta a ƙofar gida, ba tare da jona wutar gida ba. A kunna hita har safe, a yi girki, a buɗe ruwan zafi. Da safe a zaga da ita kilomita talatin ana taka birki, don motar da aka bari da birkin hannu a ja wata da watanni takan liƙe. Duk abin da ya ƙi aiki a daren nan, akwai sauran kwanakin odar kayan gyara kafin gareji su rufe don hutun Kirsimeti.